Garinmu ƙarami ne: ta yaya za mu fara karɓar kuɗin ajiye mota a bakin kasuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kansila ne, kuma an saka ni cikin kwamitin da shugaban ƙaramar hukumarmu ya kafa a kan cunkoson motoci a cikin gari. Titin da ya ratsa ta gaban kasuwa yakan toshe, musamman ranar kasuwa, don kowa yana fakin inda ya ga dama. Shugaba yana son a fara karɓar kuɗin ajiye mota domin a rage cunkoso, a kuma samu kuɗin shiga. Daga ina za mu fara, nawa za mu sa, kuma me ya kamata mu kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Honarabul. Allah Ya taya riƙo.

Kafin kwamitinku ya yi maganar farashi, sai ya fara raba buƙatu biyun da shugaba ya haɗa, ya san wacce ce a gaba. Rage cunkoso da neman kuɗin shiga ba kullum suke tafiya tare ba. Wanda ya sa kuɗi a gaba zai ga kowane titi wurin karɓa ne, har inda babu mai rububin wuri, kuma daga ranar jama'a za su kira abin da sunan haraji, su shiga neman hanyar kauce masa. Wanda ya sa gyaran titi a gaba kuwa ba zai karɓa ba sai a inda wuri ya yi wa mutane kaɗan, a lokacin da ya yi kaɗan ɗin. A ƙaramin gari na biyun ne ke ɗorewa, kuma lissafin da ke ƙasa zai nuna maka cewa abin da ke saura bayan an biya ma'aikata bai kai yadda ake zato ba.

Asalin abin ma ba don tara kuɗi aka ƙirƙiro shi ba. Na'urar karɓar kuɗin fakin ta farko an kafa ta ne a birnin Oklahoma na Amurka ranar 16 ga Yuli, 1935, kuma wani lauya ɗan jarida mai suna Carl Magee ne ya kawo ta. Kukan 'yan kasuwar birnin shi ne ma'aikata suna zuwa tun da safe su cika bakin titi har yamma, mai sayayya ya zo ya rasa inda zai tsaya. Aka sa senti 5 a kowace awa don mai daɗewa ya matsa gefe, mai saurin tafiya ya samu wuri. Idan ka duba titin kasuwarku da kyau, da wuya ba wannan matsalar za ka tarar ba.

Saboda haka aikin farko ƙidaya ne, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Ku auna tsawon bakin titin da ake fakin a kai, kowane gefe daban. Ku cire mita 10 daga kowace mahaɗar hanya, ku cire ƙofar kasuwa, ƙofar masallaci da ta asibiti, da duk wata mashiga ta gida ko gareji. Abin da ya rage ku raba shi da 6, domin ƙaramar mota da aka ajiye ta tsawon titi tana cin mita 6 har da wurin shiga da fita. Gefen da tsawonsa mita 300 ne, aka cire 60, ya rage 240, gurbin mota 40 ke nan. Wannan adadin shi ne abin da kuke da shi na sayarwa.

Daga nan sai ku ɗauki matasa masu natsuwa, kowane ɗaya ku ba shi gurbi kamar 40, ya riƙa zagayawa duk bayan minti 30 daga ƙarfe 7 na safe zuwa 7 na yamma. A kowane zagaye ya rubuta haruffa ko lambobi huɗu na ƙarshen lambar kowace mota da irinta: ta gida ce, ta haya ce, a-kori-kura ce, tirela ce, adaidaita sahu ne ko babur. A yi haka ranar kasuwa, a yi ranar Juma'a, a yi a wasu ranaku biyu da ba na kasuwa ba, sannan a maimaita mako na biyu. Idan garinku na kasuwar hatsi ko ta dabbobi ne, ku sani ƙidayar damina ba za ta nuna muku abin da ke faruwa da kaka ko gab da babbar salla ba, sai a sake ta a lokacin.

Takardun nan za su ba ku abu uku: kashi nawa cikin ɗari na guraben ke cike a kowace awa, kowace mota tsawon wane lokaci take yi, da kuma motoci nawa suka ci moriyar gurbi ɗaya a yini. Na biyun ya fi bayyana gaskiya. Sau da yawa za a ga motocin da suka wuce awa shida ba su da yawa a adadi, amma su suka cinye mafi yawan lokacin, kuma na masu shagunan ne da kansu da ma'aikatan banki da na sakatariya. Mota ɗaya da ta yini awa 10 ta hana masu sayayya 10 da kowannensu awa guda yake buƙata. Wannan lissafin za ku kai wa 'yan kasuwa, don shi ne ke sa su saurare ku.

Ma'aunin da masana tsara birane suka fi aiki da shi shi ne wanda marigayi Farfesa Donald Shoup na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya yaɗa: a nemi guraben su cika kashi 85 cikin 100, wato a kowace mota bakwai ko takwas a samu gurbi ɗaya da babu kowa. Idan ƙidayarku ta nuna titi yana wuce wannan na tsawon awanni, akwai dalilin sa kuɗi. Idan bai kai kashi 60 ba ko a lokacin da ya fi cika, to matsalarku rashin tsari ce, kuma fenti da allo da mai tsaron doka sun isa. Idan ranar kasuwa kaɗai yake cika, ranar kasuwa kaɗai za a karɓa. Akwai ma mataki na tsakiya da ƙananan garuruwan Turai suka daɗe suna amfani da shi, wato fakin kyauta amma da iyakar lokaci, direba ya nuna lokacin isowarsa a wani faifan kwali da yake ajiyewa a bayan gilashin gaba. A wajenmu ma'aikaci ya rubuta lokacin a kati ya liƙa, ya wadatar. Yana da kyau a gwada wannan na wata biyu kafin a kai ga kuɗi.

Ku lura kuma da abin da ƙidayar mota ba ta kamawa. A garuruwa da yawa ba motar da aka ajiye ce ke toshe titi ba. Tebura da baro da rumfunan da suka sauko kan kwalta ne, da adaidaita sahu da ke lodi a tsakiyar hanya, da babbar mota da ke sauke kaya da ƙarfe 11 na safe. Kuɗin fakin ba zai taɓa waɗannan ba. Sai an ware wa masu adaidaita sahu wurin ɗauka da saukewa mai ɗaukar guda huɗu ko biyar, sauran su jira a wani wuri; an sa wa manyan motoci lokacin sauke kaya, misali kafin 8 na safe ko bayan 6 na yamma; an kuma ja wa masu tebur layin da ba za su ƙetare ba.

Sai doka, kuma a nan ne tsare-tsare masu kyau suke faɗuwa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kafa kasuwanni da tasoshin mota da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, haka ma gina tituna da magudanan ruwa da gyara su. Dokar rabon haraji ta 1998 ta lissafa kuɗin tasha da tarar fakin a wurin da bai dace ba cikin abin da ƙaramar hukuma ke karɓa, ta kuma hana datse hanya don karɓar haraji. Amma waɗannan ba su ba shugaba damar ya tashi da safe ya ce daga gobe a biya ba. Dole majalisar kansiloli ta yi dokar ƙaramar hukuma a rubuce, shugaba ya sa hannu, a wallafa ta yadda dokar jiharku ta tanada. Abin da ya faru a Abuja darasi ne: an yi ta karɓar kuɗin fakin a titunan birnin ta hannun kamfanoni masu zaman kansu, ana ɗaure tayoyin motoci, har a watan Afrilun 2014 babbar kotun birnin tarayya ta yanke cewa babu wata doka da ta kafa tsarin, aka dakatar da shi. Mutum ɗaya da aka ɗaure wa mota ba bisa doka ba ya isa ya rusa aikin kwamitinku a kotu.

Dokar ta faɗi sunan kowane titi da inda yankin ya fara da inda ya ƙare, ranaku da awannin karɓa, farashi, wa aka yafe wa, nawa ne tara, wa ke da ikon karɓa, asusun da kuɗin zai shiga, da inda wanda aka zalunta zai kai kuka. Ku sa farashin a jadawalin da ke maƙale da dokar, ku ba majalisa ikon sauya shi cikin wata iyaka, don kada duk lokacin da za a ƙara naira 50 sai an sake doka daga farko. Ku kai daftarin ma'aikatar shari'a da hukumar tara haraji ta jiha su duba, domin jihohi da dama sun tattara karɓar haraji wuri guda. A Kaduna, alal misali, tun dokar 2016 aka danƙa karɓar a hannun hukumar tara haraji ta jihar, wato KADIRS, aka kuma hana karɓar tsabar kuɗi.

Tambayar da za ku amsa tun kafin daftarin: titin na waye? Ƙananan garuruwanmu da yawa a bakin babbar hanya suka girma, kuma titin kasuwar shi ne hanyar tarayya ko ta jiha. Ƙaramar hukuma ba ta da ikon shata gurabe ta sayar a kan hanyar tarayya. Idan haka ne taku, abin yi shi ne ku nemi haɗin kan ofishin ma'aikatar ayyuka ta tarayya da ke jihar da hukumar kiyaye haɗurra, a hana fakin a kan hanyar gaba ɗaya, ku kuma ku buɗe fili a gefe ku karɓi kuɗi a can. Idan ta jiha ce, sai da yardar ma'aikatar ayyuka da hukumar kula da zirga-zirga ta jihar, irin KAROTA a Kano ko KASTLEA a Kaduna, kuma a rubuce.

Wajen shata gurabe, faɗin titin ne ke yanke hukunci. Motoci biyu masu wucewar juna suna buƙatar mita 6.5 zuwa 7. Gurbin da ke bin tsawon titi yana cin faɗin mita 2.2. Ke nan titin da bai kai mita 9 ba ba zai ɗauki fakin ko a gefe ɗaya ba sai in an mayar da shi hanya mai tafiya ɗaya, kuma fakin a gefe biyu sai titin ya haura mita 11. Kada kwaɗayin yawan gurabe ya sa ku shata na karkace a titi mai yawan wucewa, don duk mai fita da baya zai fito, kuma ba ya ganin babur ɗin da ke tahowa. A cikin fili, gurbi mita 2.5 ne a faɗi, 5 a tsawo, da hanyar mita 6 tsakanin sahu biyu. Idan aka haɗa da hanyoyin, kowace mota tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30, don haka filin ƙafa 100 sau 100 zai ɗauki mota kamar 30. A ware gurbi ɗaya ko biyu masu faɗin mita 3.6 kusa da ƙofar kasuwa don masu naƙasa.

Babura su za su fi motoci yawa a ƙidayarku, kuma idan ba a ba su wuri ba su za su cike tsakanin motoci da gefen masu tafiya a ƙasa. Gurbin mota ɗaya na mita 6 yana ɗaukar babur biyar zuwa shida idan an jera su kai ga bango. Ku sadaukar da gurabe da yawa a kowane ƙarshen titi saboda su, kuma kuɗinsu kada ya wuce rubu'i ko rabin na mota.

Layin fenti faɗin santimita 10 ya isa. Fentin gida ba ya wata biyu a kan kwalta, a sayi na titi, a share ƙura sosai kafin a shafa, kuma a sa a kasafi cewa za a sabunta shi bayan kowace damina. Inda ƙasa ce ko burji, fenti ba shi da amfani: a binne tsofaffin tayoyi rabi a ƙasa a shafa musu fari, ko a kafa gajerun turaku na kankare. Fili kuwa a zuba masa burji a danne da rola, a ba shi ɗan gangara ta kashi 2 cikin 100 zuwa lambatu. Filin da ya zama taɓo a watan Agusta babu wanda zai biya ya shige shi, kowa zai koma kan titi. Allo kuma a kafa a kowace mashiga da duk bayan mita 50, da Hausa da Turanci, in da hali har da ajami, ya faɗi farashi da lokaci da tara da lambar wayar kai ƙorafi.

Batun farashi, tsarinsa ya fi adadinsa muhimmanci. Kuɗi guda na shiga, ko minti goma ka yi ko yini, shi ya fi sauƙin karɓa, amma yana saka wa mai daɗewa ne ya cuci mai saurin tafiya, wato akasin abin da kuke nema. Abin da ke aiki shi ne farashi biyu. Bakin titin kasuwa a biya da awa, da iyakar awa biyu ko uku. Fili na baya, wanda bai wuce tafiyar mita 200 zuwa 300 ba, a sa masa kuɗi kaɗan na yini guda, da katin wata mai rangwame ga masu shaguna da ma'aikata. Kada ku fara karɓa a titi kafin filin nan ya kammala, domin wanda kuka tayar dole ya samu inda zai koma, in ba haka ba zai shige lungunan unguwa ya toshe wa mutane ƙofar gida. Minti 15 na farko a bar su kyauta saboda mai sayen magani ko burodi. A zaɓi adadin da ba ya buƙatar canji, 50 ko 100 ko 200, don rigimar canji ita ce ke cinye lokacin ma'aikaci, kuma nan ne ake fara cin na jama'a. Ku fara da ƙasa-ƙasa. Ƙari daga baya bisa hujjar ƙidaya ya fi sauƙi a kan ragi bayan an yi bore.

Ga lissafi don misali, ku sa naku alƙaluman a gurbin waɗannan. A ce gurabe 120 ne, ana karɓa daga 8 na safe zuwa 6 na yamma, matsakaicin cika kashi 60, farashi naira 100 a awa. Awannin da aka sayar 720 ne a yini, naira 72,000. Amma ba duka za su shigo ba: akwai minti 15 na kyauta, akwai waɗanda aka yafe wa, akwai masu sulalewa. Idan kashi 60 ya shigo, 43,200 ke nan, a kwana 26 naira 1,123,200. Ma'aikaci ɗaya ba ya iya riƙe fiye da gurbi 20 zuwa 25 a bakin titi, don haka ana buƙatar shida, da biyu masu canjin hutu da salla, da mai duba su ɗaya. Mutum tara a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 sun ci 630,000. A ware 200,000 na buga tikiti da riguna da na'urori da gyaran fenti. Abin da ya rage bai kai 300,000 ba a wata, kuma ba a cire kuɗin gyaran fili da alluna na farko ba. Idan kuwa ranar kasuwa kaɗai ake cika, ko da kashi 90 ne, kwana huɗu a wata za su kawo 259,200 kacal, wanda ba zai ɗauki ma'aikatan dindindin ba sai na yini. Gara shugaba ya ga wannan lissafin tun yanzu, kafin a rubuta wani babban adadi a kasafin shekara a dawo ana matsa wa yara su cike shi ta kowace hanya.

Na'urorin da ake kafawa a bakin titi ba su dace da ƙaramin gari ba tukuna. Suna da tsada, ƙura da zafi suna kashe su, kayan gyaransu daga waje suke, kuma ko da su sai an sa mai dubawa. Ma'aikaci da tikiti ko ƙaramar na'urar POS mai buga rasit ya fi. Sai dai duk inda tsabar kuɗi ta ratsa hannu akwai yoyo, kuma hanyoyinsa sanannu ne: a karɓi rabin kuɗi ba tare da tikiti ba, a karɓe tikitin mai fita a sake sayar wa mai shigowa, a buga littafin bogi, ko ma'aikaci ya ba da lambar asusunsa a yi masa tiransifa. Maganinsu shi ne tikiti mai lambar jeri da gida biyu, ɗaya ga direba ɗaya a littafi, a rubuta lambar mota da lokacin isowa a kansa, launinsa ya bambanta daga rana zuwa rana. Ma'aji ya ba da littattafai da safe a sa hannu, a dawo da ragowar da yamma, kuɗin ya shiga banki a ranar ko washegari da safe. Lambar asusun hukuma a rubuta ta ɓaro-ɓaro a kan allo, tare da sanarwar cewa wanda ba a ba shi tikiti ba kada ya biya. A riƙa sauya wa ma'aikata wuri duk mako. Mafi ƙarfin bincike kuma mai sauƙi ne: sau biyu a mako, ba da sanarwa ba, wani daga sashen binciken kuɗi ya bi titin ya ƙirga motoci nawa ke tsaye, nawa ke da tikiti mai inganci. Idan motoci 50 ne, tikiti 28, ba sai an yi dogon bincike ba.

Za a zo muku da shawarar a ba ɗan kwangila karɓar kuɗin, ya riƙa biyan hukuma wani adadi duk wata, sauran nasa. Tana da daɗin ji don babu wahala, amma shawarata kada ku yarda da ita a shekarar farko. Ba ku san abin da wurin ke kawowa ba, don haka za ku sayar da arha. Shi kuma ribarsa tana cikin yawan tara da faɗaɗa wurin karɓa, baƙin jinin kuwa na hukuma ne. Idan daga baya za a bayar, kuɗin ya fara shiga asusun hukuma sannan a biya shi ladan aikinsa, kwangilar kada ta wuce shekara ɗaya ko biyu, kuma ikon cin tara ya tsaya a hannun hukuma.

Titin da kuke shirin tsarawa ba kango ba ne, akwai masu ci a kansa yanzu. Akwai samarin da ke nuna wa direba wuri su tsare masa mota ya ba su na goro, akwai 'yan kamasho, akwai reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW da ƙungiyar masu adaidaita sahu da ke karɓar nasu kuɗin. Wanda aka raba da abincinsa ba a yi shawara da shi ba, shi zai fara tuge allo. Ku ɗauki na kirki daga cikin samarin nan aiki, da riga mai lamba da katin shaida da horo na 'yan kwanaki. Ku zauna da ƙungiyoyin a fayyace a rubuce cewa motar haya da ta biya kuɗin tasha ba za ta sake biya ba matuƙar tana cikin tasha, amma in ta fito lodi a bakin titi doka ta hau ta. Sarkin kasuwa da shugabannin layuka su ga sakamakon ƙidayar kafin kowa. Hakimi da dagatai da limamai su ji daga bakinku kafin su ji a gari. Lokacin sallar Juma'a da na idi da jana'iza a dakatar da karɓa a kewayen wurin, a rubuta haka cikin dokar.

Jerin waɗanda aka yafe wa ya zama gajere ƙwarai: motar asibiti, ta kashe gobara, ta jami'an tsaro da ke bakin aiki, da ta masu naƙasa. Motar shugaba da ta kansiloli da ta daraktoci su biya, a kuma ga suna biya. Ranar da aka fara cewa wannan motar Alhaji wane ce a ƙyale ta, yaron da ke riƙe da tikiti ba zai ƙara samun bakin tambayar kowa ba.

Tilastawa kuma a bi ta da daraja. Watan farko gargaɗi kawai, takarda a gilashi. Bayan nan tara, wadda ta fi kuɗin yini guda nesa, kamar ninki biyar zuwa goma, don idan ta yi kusa da kuɗin fakin mutane za su gwammace su gwada sa'a. A rage rabi ga wanda ya biya cikin mako guda. Kowace tara a haɗa ta da hoton motar da ke nuna wuri da lokaci. Ba a sace iskar taya, ba a cire lambar mota, ba a ƙwace makulli, ba a karɓar tara a hannu a bakin titi. Ɗaure taya sai ga wanda tara ta taru a kansa ya ƙi biya. Jan mota kuwa sai wadda ta toshe hanya ko ƙofa, don ɗaure motar da ta tare hanya ƙara toshe hanyar ne. Kada a ba ma'aikaci kaso daga tarar da ya rubuta. A sa jami'i ɗaya da ba ya cikin masu karɓa ya saurari ƙorafi cikin kwana bakwai, wanda bai gamsu ba ya wuce kotun majistare.

Akwai abu guda da dokar da allon duka za su fayyace, don shi ke kawo rigima mafi zafi: kuɗin nan na hayar wuri ne ko na ajiya? A fahimtar mutanenmu, wanda ya karɓi kuɗinka a kan abin hawa ya karɓi amana. A bakin titi ba za ku iya ɗaukar wannan nauyin ba, sai a rubuta cewa kuɗin wuri ne kawai, kowa ya kulle motarsa. A filin babura kuwa, inda tsoron sata ne ke sa mutum ya yarda ya biya, gara ku ɗauki amanar da gaske: shinge, ƙofa ɗaya, kati biyu masu lamba ɗaya, guda a ɗaure a babur guda a hannun mai shi, kuma ba a sakin babur ga wanda ya ɓatar da kati sai ya kawo takardun saye da shaida.

Ragowar kuɗin, komai ƙanƙantarsa, a mayar da shi kan titin da ya fito. A tsohuwar unguwar kasuwanci ta Pasadena a Kalifoniya 'yan kasuwa sun daɗe suna ƙin na'urorin fakin, ba su sauko ba sai da hukumar birnin ta yi alkawarin kashe kuɗin a unguwar, aka kafa su a 1993, kuɗin ya tafi ga fitilu da shara da gyaran gefen titi. Ku rubuta kaso a cikin dokar, misali rabin abin da ya saura, ku kafa ƙaramin kwamiti da wakilan 'yan kasuwa da direbobi da masu unguwa su zaɓi aikin: yashe lambatu kafin damina, fitilun sola a ƙofar kasuwa, ban-ɗaki, kwashe shara. Duk ƙarshen wata a liƙa takarda a ƙofar kasuwa da sakatariya: ga abin da ya shigo, ga abin da aka kashe, ga abin da ya rage.

Ku fara da titi ɗaya da fili ɗaya, na gwajin wata uku, bayan sanarwar aƙalla mako huɗu ta rediyo da masallatai da sankira ranar kasuwa. Kada ranar farawa ta faɗo cikin azumi ko makon salla, lokacin da kasuwa ta fi cika kuma haƙurin mutane ya fi ƙaranci. A mako na shida da na goma sha biyu a maimaita ƙidayar farko daidai yadda aka yi ta, a haɗa da lungunan da ke kewaye. Idan titin har yanzu yana wuce kashi 85, a ƙara farashi mataki ɗaya ko a rage iyakar lokaci. Idan ya faɗi ƙasa da kashi 60 kuma lunguna sun cika, kuɗin ya yi yawa, a rage shi ko a rage awannin karɓa, mazauna lungunan kuma a ba su katin shaida na kyauta, a hana baƙi yini a ƙofar gidajensu.